In Ɓera Na Da Sata, Daddawa Ma Na Da Wari

Kwanan baya an yi wata 'yar hatsaniya a ɗaya daga cikin layukanmu na nan Sabo. Da yawa daga cikinmu mun ji labarinta, wasu ma a gabansu aka yi. Ba za mu kama suna ba, domin duk waɗanda abin ya shafa namu ne, kuma an riga an yi sulhu. Amma maganar ba ta mutu ba, har yanzu ana ta juya ta a majalisu da wajen mai shayi, shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu dube ta a tsanake.

Wani magidanci ne ya sayo 'yan tsaki talatin, irin na gidan gona, da niyyar ya yi kiwonsu ya sayar kafin Sallah. Ya haɗa musu akurki da katako da langa-langa a bayan ɗakinsa, jikin katangar da ta raba su da maƙwabta. Wata safiya ya tashi ya tarar da tara a mace, wasu an cinye kawunansu, wasu an ja su har bakin rami. Ransa ya ɓaci, kuma duk wanda ya taɓa zuba kuɗinsa a kiwo ya san irin wannan ɓacin ran. Ya tafi kasuwa ya sayo shinkafar ɓera, ya kwaɓa da kan busasshen kifi, ya bi gindin katanga da bakin kwata yana ajiyewa a kan gutsattsarin kwali. Bai gaya wa kowa ba.

Ɓeraye sun mutu, wannan ba ƙarya. Amma kafin mako ya zagayo magen wata dattijuwa da ke gidan baya ta mutu a ƙofar ɗakinta. Kajin Hausa biyu na wata matar aure, masu yawo a tsakar gida suna tono, su ma suka bi. Abin da ya tada hankalin kowa shi ne ranar da aka ga wani yaro mai rarrafe da gutsuren kwalin nan a hannunsa, saura kaɗan ya kai baki. Allah Ya kiyaye, yayarsa ta fizge.

Da aka je gaban mai unguwa, mutumin ya ce: “Ranka ya daɗe, dukiyata nake karewa. A jikin katangata na sa. Ni ban aiki magen kowa ta je ta ci ba.” Dattijuwar kuwa ba ta ce komai ba tukuna. Jama'a suka rabu biyu. Wasu suka ce ai gaskiya ya faɗa, ɓera ɓarawo ne, kuma ba a hana mutum maganin ɓarawo. Wasu suka ce da yaron nan ya haɗiye fa, da wace gaskiyar za a faɗa wa uwarsa?

Tambayar ke nan da ke gabanmu: haƙƙin da mutum ke da shi na kare abinsa daga ɓarna, ina iyakarsa?

Mu fara da ba mai kaji gaskiyarsa, don yana da ita. Mu nan ba gona gare mu ba. Iyayenmu da kakanninmu fatauci ya kawo su, goro da shanu, kuma tun da aka kafa Sabo a 1916 fili bai ƙaru ba, mutane ne suke ta ƙaruwa. Wanda ya samu taku huɗu a bayan ɗaki ya sa kaji goma, to asusunsa ke nan. Da su ake biyan kuɗin makaranta, da su ake fita kunyar baƙo, da su matar da mijinta ya rasu take sayen magani ba tare da ta miƙa hannu ba. Duk wanda ya ce “don 'yan tsaki tara kawai?” bai san abin da taran nan suke nufi ga mai su ba.

Kuma ɓarnar ɓera ba a kisan 'yan tsaki ta tsaya ba. Babban ɓera yana cin abinci kamar giram 20 zuwa 30 a rana, kaza mai ƙwai kuwa tana cin kamar giram 110 zuwa 120. Ke nan ɓeraye biyar sun ci rabon kaza guda. In ashirin ne suke zuwa maka kowane dare, a wata ɗaya sun kwashe wajen kilo 15, fiye da rabin buhun nan mai kilo 25 da muke saya da kyar. Ga satar ƙwai, ga huda buhu, ga gwaguyar wayar lantarki, don haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, dole ya yi ta gwaguya. Abin da ya bari ma ya ɓata shi da fitsari da kashi. Ta wannan hanya ce zazzaɓin Lassa ke shiga gida, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, wadda a yau Ondo da Edo, nan kusa da mu, suna cikin jihohin da suka fi fama da ita, musamman da rani.

Addini ma bai ɗaure mana hannu ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa ɓera cikin dabbobi biyar masu cutarwa da aka yarda a kashe ko da a cikin Harami ne. Ya kuma umarce mu da mu rufe ƙorai mu kashe fitilu in za mu kwanta, saboda ɓera kan ja lagwani ya ƙone gida da mutanensa. Saboda haka ba wanda zai zo ya ce mana kashe ɓera zalunci ne. An yarda. Sai dai yarda a kashe ɓera abu ɗaya ne, yadda za a kashe shi da wanda zai biya kuɗin kisan kuma wani abu ne daban.

Abu na farko da ya kamata mu tambayi kanmu, kafin mu kai ga guba, shi ne: wa ya gayyato shi? Hausawa suka ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu leƙa akurkinmu da dare mu gani. Kaskon abinci a cike, an bar shi ya kwana, alhali kaza ba ta ci a cikin duhu. Ruwa na nan a buɗe. Dusa da tsaki sun zube ƙasa ba a share ba. Buhun abinci a jingine da bango, bakinsa a ɗaure da tsumma. Ƙwan da aka yi da rana bai samu mai ɗauka ba. A gefe kuma ga tarin tsofaffin katako da bulo da tayoyi da muke cewa za su yi amfani wata rana. Abinci, ruwa, maɓoya: duk abin da ɓera ke nema a duniya mun haɗa masa wuri guda, kyauta. Sannan da safe mu tashi muna tsine masa.

Ɓera dai ba shi da hankalin da za a ce ya ci amana. Yunwa ce ta fito da shi, hancinsa ya kawo shi inda ƙanshi yake. Mu da aka ba hankali, mu ne muka san cewa abinci a buɗe kira ne. To in an zo rabon laifi tsakanin wanda ya sani da wanda bai sani ba, kun ga ai kason mai hankali ba zai zama ƙarami ba.

Wannan ba maganar wa'azi kaɗai ba ce, maganar lissafi ce. Macen ɓera tana ɗaukar ciki na mako uku kacal, ta haifi shida zuwa goma, kuma sau da yawa a shekara. 'Ya'yan kafin su wuce wata uku su ma sun fara haihuwa. In ka kashe ashirin yau ka bar kaskon a cike, ka dai rage wa sauran masu gasa ne, za su ci su ƙoshi su cike gurbin, na cikin kwata kuma su ƙauro. Shi ya sa wanda ya dogara da guba ba ya gamawa. Wata biyu, uku, ya koma kasuwa.

An taɓa yin wani abu mai kama da haka a birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam a 1902, zamanin mulkin Faransawa. Ɓeraye suka addabi birnin, sai hukuma ta sa lada ga duk wanda ya kawo wutsiyar ɓera. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa dubbai. Daga baya aka fara ganin ɓeraye guntaye suna yawo a gari: mutane na yanke wutsiya su saki ɓeran ya je ya hayayyafa, wasu ma kiwonsu suka shiga yi. Mu ba lada muke karɓa ba, amma kuskuren iri ɗaya ne. Muna ƙirga gawa muna jin daɗi, mun manta da abin da ke kawo masu rai.

Abu na biyu shi ne maganar da mutuminmu ya kafa hujja da ita: “A jikin katangata na sa.” Da a ce guba ta san katanga, da hujjar ta tsaya. Amma mu duba yadda take aiki. Magungunan ɓera da ake sayarwa galibi iri biyu ne. Akwai mai saurin kisa, wanda in ya haɗu da ruwan ciki sai ya saki iska mai guba, irin wannan ba shi da wani takamaiman makari. Akwai kuma mai hana jini daskarewa, wanda ba ya kisa nan take, sai ɓera ya yi kwana uku zuwa bakwai yana zubar da jini ta ciki. A cikin kwanakin nan yana yawo, ya tsallaka gida uku, ya yi laushi, ya fito da rana tsaka yana tangaɗi. Mage ta same shi a ɓagas ta cinye. Mujiya ko shirwa ta sure shi. Kaza ta tsattsage gawarsa. Gubar da ke cikinsa ta koma cikinsu. Ga shi kuma ɓera na da ɗabi'ar jan abinci ya kai wani wuri, sai ka ajiye a bayan ɗakinka, a tsince shi a ƙofar kicin ɗin wani.

Abin takaici, waɗanda suke mutuwa ta wannan hanya su ne masu taya mu aikin. Magen dattijuwar nan shekara da shekaru tana farauta a gidaje huɗu ba a biyanta ko sisi. Wanda ya kashe ta ya kashe ɓera goma, ya kuma buɗe wa ɗari ƙofa.

Sai mu dubi irin zamanmu. Gida ɗaya iyali takwas ko goma. Tsakar gida ɗaya, kwata ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Yaran wannan ɗaki a wancan ɗaki suke cin tuwo. A irin wannan zama kalmar “gidana” ba ta da faɗin da take da shi a ƙauye, inda mutum ke da dangarsa da garkarsa. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan wanda ya hura wuta a filinsa ranar da ake iska mai ƙarfi har ta tsallaka ta cinye na maƙwabci: sun ce sai ya biya, duk da cewa a filinsa ya hura, domin ya san iska ba ta tsayawa a kan iyaka. Guba a buɗe cikin gidan haya mai yara ashirin, ina bambancinta da wutar nan? Ƙa'idar da muka taso muna ji a makarantun zaure ita ce ba a cuta, ba a kuma rama cuta da cuta. Ɓera ya cuce ka, gaskiya ne. Amma ba a yarda ka kwashe cutar ka juye wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Akwai wani reshe na wannan magana da ba a cika son taɓawa ba. Kazar da ta ci guba ta fara layi, wasu sai su yi maza su yanka, a fige, a kai wa mai tsire ko a dafa wa yara, wai kada a yi asara. Gubar nan mai hana jini daskarewa tana taruwa a hanta, tana kuma iya fita a cikin ƙwai. Wanda ya sayar da irin wannan kaza yana sane, ya sayar wa ɗan'uwansa abin da shi ba zai ci ba. Asarar kaza ɗaya ta fi sauƙin ɗauka a kan wannan nauyin.

Abu na uku ya shafi ɓeran kansa. Ko shi yana da wani haƙƙi a kanmu? Wani zai yi dariya, ya ce yau kuma ɓera ake wa lauya. To amma mu tuna abin da muke gani. Allon gam ɗin nan da ake sayarwa a bakin titi, ɓera ya manne tun tsakar dare, yana ta kuka yana fizga, wani har fatarsa ta saɓule, wani ya gwagwiye ƙafarsa. Da safe a ɗauki allon a jefa a bola da shi da ransa, ya yi kwana biyu a rana kafin ƙishi ya ƙarasa shi. Ko a kama shi a keji a miƙa wa yara, su ɗaure masa wutsiya su yi ta ja a layi. Mafi muni, a zuba masa kananzir ko fetur a kyasta ashana, ana shewa.

Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu, wanda duk ɗalibin Arba'una ya haddace, ya nuna an wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa. Kisan da ya halatta ake nufi fa, wato ko inda aka ba ka izini ba a ba ka izinin azabtarwa ba. An hana mu azabtarwa da wuta, har ma Manzon Allah (SAW) ya yi faɗa da ya ga an ƙone gidan tururuwa. Kuma kowa ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Dalilin kashe ɓera shi ne a kawar da cutarsa. Da zarar ya mutu buƙata ta biya. Duk wani abu da aka ƙara a kan haka huce haushi ne, kuma huce haushi a kan wanda bai san ya yi laifi ba ba adalci ba ne.

Ba ɓeran kaɗai ke cutuwa ba. Yaron da ya saba ganin abu mai rai yana ci da wuta manya na dariya, wani abu yana mutuwa a zuciyarsa, kuma ba lalle ya tsaya a kan ɓera ba. Ga shi ɓeran da aka cinna wa wuta rami yake nufa, ramin kuwa a ƙarƙashin ɗakin wani yake, ko cikin shagon mai katifa. A unguwa irin tamu da rufi ke haɗe da rufi, wannan wasa ne da rayukan mutane.

Halittar da muke raina ma ba a banza take ba. Gafiyar nan da muke jifa, a Tanzaniya ana horar da irinta su shinshino nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi, da kuma cutar tarin fuka a cikin majinar marasa lafiya. Wannan ba zai sa mu bar ta ta zauna mana a akurki ba. Amma ya isa ya tuna mana cewa matsalarmu da ita matsalar wuri ce, ta shigo inda bai kamata ba, sai a fitar da ita ta hanya mafi gajarta.

Abu na huɗu: mu juya maganar ta ɗaya gefen. Mai kaji yana kukan ɓeraye sun fito daga kwata sun cinye masa dukiya. Maƙwabcinsa da ba ya kiwon komai fa? Shi ma yana da kuka: tun da aka kafa akurkin nan ɓeraye suka yi masa yawa a ɗaki, sun huda masa buhun shinkafa, sun cinye wa matarsa atamfa a cikin akwati. Wa zai biya shi? Ashe mai kajin da yake ganin shi aka zalunta, shi ma akwai mai ganin sa a matsayin mai jawo masa bala'i. Haka mai ajiye buhunan masara da wake, haka mai sayar da abinci da ke juye ragowa a kwata, haka mu duka da muke tara shara a lungu muna jiran wani ya kwashe. Ɓeran unguwa ba shi da ubangida, kowa ya sa hannu a kiwonsa.

Shi ya sa maganin mutum ɗaya ba ya ci. Ka gyara naka tsaf, in na kusa da kai bai gyara ba, sun dai matsa taku goma ne. Kuma akwai dalilin da ya sa mu musamman bai kamata mu yi sakaci ba. A 1924 annobar da ƙumar jikin ɓera ke yaɗawa ta ɓarke a Ikko, ta yi shekaru tana kisa har zuwa 1931. A dalilinta aka kafa hukumar raya birnin a 1928, kuma unguwannin talakawa masu cunkoso, irin su Oko Awo, su aka rushe. Haka abin yake a ko'ina: in cuta ta ɓulla, ba a tambayar ɓeran wane ne, unguwar da ta fi cunkoso ake nuna wa yatsa. Mu kuwa, duk da cewa a nan aka haifi iyayen wasunmu, har gobe akwai masu kiran mu baƙi. Ranar da aka ce wata cuta daga Sabo ta fito, ba mai kaji kaɗai duba-gari za su nema ba, waɗanda Yarbawa ke kira wole-wole. Dukanmu za mu amsa.

To, mai kaji zai ce: “Na ji. Kada in sa guba a buɗe, kada in sa gam, kada in ƙona. In zuba ido ke nan?” A'a. Hanyar adalci tana nan, sai dai ta fi wahala, kuma wahalar a kan mai kajin take, inda ya kamata ta kasance.

A fara da ɗauke abinci. In an yi kiran magariba kaji sun shiga, a kwashe kasko da ruwa, a share abin da ya zube. 'Yan tsaki ƙanana da ake kunna wa fitila suna ci da dare, su sai dai a tsare wurinsu gaba ɗaya. Buhu ya koma cikin duro na ƙarfe mai murfi, don roba ba ta gagarar haƙorin ɓera. A riƙa kwashe ƙwai kullum. A ɗaga akurki daga ƙasa yadda mage za ta iya shiga ƙarƙashinsa, a raba shi da jikin bango, a kwashe tarkacen da ke kewaye. Ragar kaji ta yau da kullum kaji take tsarewa, ɓera wucewa yake yi ta cikinta, don ƙaramin ɓera ƙofar da ba ta fi rabin inci ba ta ishe shi. Raga mai ƙananan idanu ake so, a kuma binne gindinta cikin ƙasa ko a yi daɓen siminti saboda masu tono. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, ɓera ma haka.

In an rufe waɗannan ƙofofi, sai a zo kan kisa. Tarkon ƙarfe mai ɗana, wanda ke kashewa bugu ɗaya, shi ya fi kusa da kyautatawar da aka umarce mu. A sa shi jikin bango inda ake ganin kashinsu, don ɓera gefen bango yake bi. A kife shi da kwando ko akwati mai 'yar ƙofa, a ɗora dutse, yadda kaza ko yaro ba za su kai gare shi ba. Ɓera yana tsoron sabon abu, saboda haka a bar tarkon kwana biyu ko uku da abinci ba a ɗana ba, sai ya saki jiki. A duba kowace safiya. Gawa kuma kada a taɓa da hannu, a sa leda a ɗauka, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu.

In abin ya gagara har sai an kai ga guba, to tana da sharuɗɗa, kuma na farkonsu baki ne. A bi ɗaki ɗaki a faɗa, har gidajen da ke jikin katanga: rana kaza zan sa magani, a kulle kaji, a tsare mage, a kula da yara. A sayi mai suna da takarda a jikinsa, a guji ƙulle-ƙullen da ba a san abin da ke ciki ba, a kuma ajiye kwalin. A sa shi cikin akwati mai kulle ko guntun bututu da aka danne, a tsince gawa kullum, a kwashe ragowar in an gama. In kuwa tsautsayi ya sa yaro ya ci, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a ce ai ga shi yana wasa lafiya lau, don mai hana jini daskarewa sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake nuna kansa. A tafi asibiti nan take da kwalin a hannu. Irin wannan yana da makari, bitamin K, amma sai likita ya san abin da aka ci.

Mun san akwai mai cewa duk wannan maganar masu hali ce. Raga kuɗi, duro kuɗi, siminti kuɗi, ga mai gidan haya ba zai yarda a taɓa masa ƙasa ba, alhali ƙullin guba ko yaro zai iya saya. Wannan gaskiya ce, ba za mu kauce mata ba. Sai dai arhar gubar ta samu ne domin wani ne ke biyan cikon, da magensa ko kazarsa ko ɗansa. Kuma rabin abin da muka lissafa, ɗauke kasko da shara da sanar da maƙwabta, ko kwabo ba ya ci. Sauran kuma shi ne inda unguwa za ta shigo. Mu da muke adashi don biki, muke karo-karo don gyaran masallaci da rijiya, ba zai gagare mu ba masu kaji biyar su haɗa kuɗi su sayi raga bandir ɗaya su raba, ko layi guda su sa mako ɗaya kowa ya kwashe tarkacensa a ɗana tarkuna lokaci guda. Wanda kuma ya auna ya ga ba zai iya tsare kaji talatin ba tare da ya jefa yaran gida cikin haɗari ba, to ya yi goma. Ba duk abin da fili zai ɗauka ne haƙƙin maƙwabtaka zai ɗauka ba.

Mu koma gaban mai unguwa. An yanke cewa mutumin ya biya kaji biyu, ya biya ba gardama. Da aka zo kan mage ya ce, “Iya, ki faɗi abin da zan ba ki, ko in nemo miki wata.” Sai dattijuwar ta ce: “Ɗan nan, riƙe kuɗinka. Ni da ka leƙo ka ce mini, Iya, zan sa magani, da na kulle ta a ɗaki kwana bakwai. Taku nawa ne daga ƙofarka zuwa tawa?”

Mutumin ya sunkuyar da kai, bai ce komai ba. Mun ji daga baya ya sayi duro, kuma yanzu da magariba ana ganin yaransa suna shiga da kasake ɗaki. Ɓeraye ba su ƙare a layin ba, don gidan da ke kallonsu har yanzu a kwata suke juye ragowar tuwo, kuma ba wanda ya iya yi musu magana tukuna. Wataƙila in wannan mujalla ta shiga gidan, a samu mai karantawa da ƙarfi.

Damina na tafe, ruwa zai cika kwatoci ya koro su cikin gidaje kamar yadda ya saba. Kafin nan kowa ya leƙa bayan ɗakinsa, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar na kusa da shi. Allah Ya tsare mana yaranmu da dukiyarmu, Ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu.